Kashi 70 cikin 100: wa ke bin diddigin hasashen ruwa bayan hadari ya watse?

Yau ba a gaban mikoro nake ba, rubutu na kawo muku, kuma da ɗan tsawo. Ku daure ku karanta har ƙarshe, don magana ce da ta shafi rumbun kowa.

Farkon damanar da ta wuce, cikin watan Yuni, ina gabatar da shirin safe sai na duba portabul ɗina, cikin irin manhajojin nan da ke nuna yanayi. An zana gajimare da ɗigon ruwa, an rubuta kashi 70 cikin 100. Ni kuma da na buɗe baki sai na ce: "Jama'ar jihar Maraɗi, ku shirya, gobe akwai ruwa." Kashi 70 ɗin na bar shi cikin waya, ban faɗe shi ba.

Bayan mako guda da ƴan kwanaki, wani dattijo ya kira layin shirin daga wani ƙauye arewa da Mayahi. Ya ce, "Yaro, kai na ka ce ruwa na zuwa?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "To mun ji ka. Munka ɗauki iri munka yi binne, tiya huɗu. Hadari ya taso, ya yi iska, anka yi yayyahi, ya wuce. Ruwan ya isa ya tada iri, bai isa ya raya shi ba." Na fara ba shi haƙuri sai ya tare ni. Ya ce, "Ban kira in yi ma faɗa ba, ɗana, ruwa na Allah na. Tambaya guda gare ni. Shi wanga da ke gaya maka, sau nawa yake faɗi ta zama, sau nawa yake faɗi ba ta zama ba?"

Wallahi shiru na yi. Shekaru ina karanta hasashen ruwa a radiyo, ban taɓa komawa baya na duba ko abin da na faɗa jiya ya tabbata ba. Kuma da na tambayi abokan aiki, kowa haka yake. Muna faɗa, gari ya waye, mu faɗi sabo.

Tun daga ranar nake karatu a kan wannan lamari, kuma ga inda na tsaya: hasashen da ba a bin diddiginsa bai fi hirar bakin tasha daraja ba, ko da kwamfuta mafi tsada a duniya ce ta yi shi. Kyawun taswira da yawan launukanta ba hujja ba ne. Hujja ita ce a ajiye abin da aka faɗa gefe guda, abin da sama ta zubar gefe guda, a kwatanta, a gaya wa jama'a sakamako. A kasuwa, kafin a auna maka hatsi kana duba tiyar mai awo. Me ya sa ba mu duba tiyar mai hasashe?

Bari mu fara da kashi 70 ɗin nan, daga ina yake fitowa?

Manyan cibiyoyin yanayi na duniya suna raba sararin sama gida-gida, kamar gidajen dara da ake tona wa a ƙasa. Kowane gida ana ba shi zafinsa, danshinsa, ƙarfin iskarsa da inda ta dosa, sannan kwamfuta ta lissafa yadda za su canza awa bayan awa. Matsalar ita ce ba wanda ya san halin sama na wannan lokacin daidai-wa-daida. Tun 1963 wani masani ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a farkon lissafi yana girma har ya juya sakamako baki ɗaya. Shi ya sa tun 1992 aka shigo da wata dabara: maimakon a yi lissafi sau ɗaya, a yi shi sau da yawa, kowane da ɗan bambanci a mafari. Faransawa na ce masa prévision d'ensemble. Ni a radiyo na sa masa suna hasashen gayya, tunda hannuwa da yawa ne a gona guda.

Cibiyar Turai ta ECMWF, mai hedkwata a garin Reading na Ingila, tana yin wannan lissafi sau 51 a kowane zagaye. In 36 daga cikin 51 sun nuna ruwa a yankinku, ga kusan kashi 70 ɗinku nan. Sauran 15 sun ce babu. Ranar da na ce "gobe akwai ruwa", bakin waɗannan 15 na toshe, kuma su ne suka yi gaskiya a ƙauyen Baba.

Sai maganar girman gidajen dara. Da, kowane gida na wannan cibiya faɗinsa kilometir 18 ne. Tun Yunin 2023 aka mayar da shi kilometir 9. A Faransa suna da wani tsari mai suna AROME wanda gidajensa ba su wuce kilometir 1,3 ba, amma sararin ƙasarsu yake lissafawa. Wannan shi ake nufi da hasashe mai kaifin gani: ƙananan gidaje, taswira mai fitar da komai dalla-dalla. Ana tallata shi sosai, kuma ci gaba ne, ba musu. Sai dai kaifin hoto daban, gaskiyar hoto daban. Gida mai kilometir 9 tsawo da faɗi hekta 8.100 ne. Ku kirga gonaki nawa ke ciki, dukkansu lamba guda aka ba su.

To yaya ake gane ko hasashen gayya na da gaskiya?

Abu na farko, rana guda ba ta yanke hukunci. In an ce kashi 70 ba a yi ruwa ba, ba lalle an yi ƙarya ba, tunda an bar kashi 30. Yadda ake yi shi ne a tattara duk ranakun da aka ce kashi 70, a ce guda 100 ne cikin shekaru biyu ko uku. In mai hasashe na da gaskiya, kusan 70 daga cikinsu an yi ruwa. In an duba aka tarar 40 kaɗai aka yi, to yana cika baki. In 90 aka yi, yana rage wa kansa, kuma shi ma aibi ne. Haka za a yi wa ranakun kashi 10, da na 30, da na 90. Wannan ita ce amsar tambayar Baba, kuma ba ta buƙatar komai sai kaye da bik da haƙuri.

Abu na biyu, yawan dacewa kaɗai yana yaudara. Akwai wani tsohon labari da masu wannan ilimi ke koya wa ɗalibai. A 1884 wani sojan Amurka mai aikin yanayi, John Finley, ya riƙa hasashen guguwar nan mai juyawa da ke rusa gidaje a ƙasarsu. Ya yi hasashe 2.803, ya ce ya dace a kashi 96,6 cikin 100. Sai wasu suka zauna da lissafin, suka ga cewa guguwa sau 51 kaɗai ta faru a duk lokacin. Da mutum zai kwanta gida ya riƙa cewa "babu guguwa" kullum, da ya dace a kashi 98,2. Malalaci ya fi mai aiki maki ke nan! Da aka duba abin da ya kamata a duba, sau 100 Finley ya ce guguwa na zuwa, 28 suka tabbata, 72 ba su zo ba, kuma 23 sun afka ba tare da ya faɗa ba. A nan ne ake ganin ainihin ƙoƙarinsa da gazawarsa.

Mu ma haka. Ni yau zan iya yi muku hasashen watan Janairu gaba ɗaya a Damagaram: ba ruwa. Zan dace ɗari bisa ɗari, kuma ban amfana muku komai ba. Don haka in wani kamfani ko wata manhaja ta ce muku hasashenta na dacewa kashi 90, ku tambaya: cikin wane wata, a wane gari, kuma idan an kwatanta da wa?

Wannan "da wa" ɗin shi ne abu na uku. Abokin karawar kowane hasashe shi ne al'adar wuri. In an ɗauki rijistar ruwan Tawa ta shekara 30, za a iya cewa a tsakiyar Agusta ana ruwa kaza cikin kowane kwana goma. Wannan shi ne ilimin da tsofaffinmu ke ɗauke da shi a ka, ko ba su rubuta ba. Hasashen kwamfuta sai ya doke wannan kafin a ce yana da amfani. In bai doke shi ba, an kashe miliyoyi an dawo inda kaka take.

Akwai ma hanyar ba da maki da wani Ba'amurke, Glenn Brier, ya fito da ita a 1950, kuma ɗan kwalej zai iya ta. In ka ce kashi 70 aka yi ruwa, kuskurenka 0,3 ne, a ninka shi da kansa ya zama 0,09. In ba a yi ba, kuskurenka 0,7 ne, ya zama 0,49. In ka bugi ƙirji ka ce ɗari bisa ɗari kuma aka rasa, ka ɗauki 1 cur, mafi munin maki. A ƙarshen damana a haɗa a raba, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi. Abin da ya burge ni a wannan lissafi shi ne yana hukunta cika baki fiye da komai. Da an yi mani shi ranar nan ta Yuni, da 1 na kwasa, alhali waya ta tsira da 0,49.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa ruwan ƙasarmu ya fi na wasu wuyar kamawa.

Galibin ruwan Sahel, kusan kashi 90 bisa binciken masana, daga manyan hadura yake zuwa, irin waɗanda ke tasowa daga gabas da jan ƙura a gaba, su nufi yamma da gudun kimanin kilometir 50 a awa. Sau da yawa da marece ko cikin dare suke isowa. Kuma kun san halinsu: a yi kamar da bakin ƙwarya a Tibiri, a cikin garin Maraɗi ko ɗigo babu, alhali tsakaninsu bai kai kilometir 20 ba. Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. Tun 1990 masu bincike na Nijar da Faransa suka shimfiɗa ma'aunan ruwa kusan ɗari a kewayen Yamai, cikin shirin EPSAT-Nijar, wanda daga baya ya zama wani ɓangare na AMMA-CATCH. Abin da suka tabbatar shi ne abin da manomi ya sani: ƙauyuka biyu maƙwabta na iya ƙare damana da bambancin ruwa mai yawa ƙwarai.

Wannan na jawo wata rigima wajen ba hasashe mai kaifin gani maki. A ce kwamfuta ta zana hadari a kan Tibiri, sai ya sauka a Madarunfa. In gida-gida za a bi, ta faɗi sau biyu: ta ce za a yi a Tibiri ba a yi ba, kuma ba ta ce za a yi a Madarunfa ba aka yi. Wata tsohuwar kwamfuta kuma da ta shafa ɗan yayyafi a kan jihar gaba ɗaya, ba ta faɗi komai takamaimai ba, sai ta fi ta maki. Masana na kiran wannan hukunci biyu kan laifi guda. Don su magance shi, a 2008 wasu masu bincike na Ingila, Roberts da Lean, suka fito da hanyar duba kewaye: maimakon a tambayi gida guda, a tambayi unguwar gidaje, a riƙa faɗaɗa ta har a ga daga wane faɗi ne hasashen ke fara zama abin dogaro.

Ni a ganina wannan ce tambayar da ta fi shafar mu. In bincike ya nuna hasashe na da gaskiya ne a faɗin kilometir 100, to a gaya mana haka. Ni kuma in daina ambaton sunan ƙauye kamar na ga hadarin da idona, in ce "tsakanin Gidan Rumji da Tasawa, wasu wurare za su samu, wasu ba za su samu ba". Ba daɗin ji kamar na farko, amma ba zai ci wa kowa iri ba.

Sai wata matsala: da me za a kwatanta hasashen? Sai an san ruwan da aka yi tukuna. Ma'aunin ruwa bakinsa bai fi bakin kwano ba, kuma shi ake so ya yi shaida a madadin dubban hektoci. Ƙasarmu faɗinta kilometir murabba'i 1.267.000 ne. Akwai tashoshin meteyo a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙwanni, Magarya, Agadas da wasu garuruwa, akwai kuma ma'aunan da ke komin-komin waɗanda muke jin lambobinsu a labarai lokacin damana. Duk da haka, tsakanin ma'auni da ma'auni akwai ƙauyuka da yawa da ba wanda ke rubuta ruwansu. Ana cike giɓin da tauraron ɗan Adam, amma shi ma kintace yake yi: yawanci sanyin saman gajimare yake aunawa ya ƙiyasta abin da ya zuba a ƙasa. In ka gwada kintace da kintace, ka san dai ba a kai ga ƙasa ba tukuna.

To, an taɓa yi wa hasashen gayya wannan jarrabawa a yankinmu? An yi, kuma sakamakon bai yi daɗi ba. A 2018 wasu masu bincike na Karlsruhe a Jamus suka wallafa nazari a kan hasashen gayya na manyan cibiyoyin duniya guda 9, na damanar 2007 zuwa 2014, a Afirka ta arewacin layin tsakiyar duniya, har da Sahel ɗinmu. Sun duba hasashen ruwa na kwana 1 zuwa 5. Abin da suka tarar: in an ɗauki hasashen ɗanye, yadda ya fito daga kwamfuta, lambobinsa ba abin dogaro ba ne, kuma sau da yawa al'adar wuri ta fi shi. Ko bayan an gyara shi da lissafi bisa kurakuransa na baya, da ƙyar yake ɗara al'adar wurin. Babban dalilin da suka kawo shi ne kwamfutocin ba su iya kama yadda manyan haduran nan namu ke haɗuwa da tafiya ba.

Gaskiya ne, daga 2014 zuwa yau an yi gyare-gyare, gidajen dara sun ƙanƙance, har an shigo da ƙirƙirarriyar basira cikin aikin. Madalla. Amma gyara sai an gwada shi ake sanin ya yi, kuma a nan za a gwada shi, a Dakoro da Mirya da Madawa, ba a Turai ba. Ku tuna kuma, yawancin manhajojin da ke cikin wayoyinmu irin wannan hasashe na duniya suke kwasowa su yi masa ado, ba ma'aikacin meteyo na Nijar ko guda da ya duba shi. Abin da na karanta wa Baba ke nan.

Wani zai ce, to in haka ne a bar hasashen mana. A'a, ban yarda ba. Damanar 2024 ta isa darasi. Ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi fiye da miliyan guda. A ƙarshen Agusta ruwan yini guda ya yi ta'adi a garin Maraɗi, aka rasa rayuka. Farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe. Har komawa lakol sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. Kafin nan, a Satumban 2020, kogin Isa ya kai santimetir 700 a Yamai ya shiga kartiye-kartiye. Kuma wani nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ƙasa mai irin wannan hali ba ta iya zama ba gargaɗi. Abin da take buƙata shi ne gargaɗin da aka san nauyinsa.

Don in an yi ta cewa ku fita daga gida ruwa na zuwa, sau biyar ba a ga komai ba, na shida ba mai motsawa. In kuma an yi shiru ruwa ya zo cikin dare, kun san sauran. Kuskure biyu ne, kowane da farashinsa, kuma farashin ba ɗaya ba ne ga kowa. Uwar da ke gidan ƙasa a bakin gulbi, in aka ce mata akwai yiwuwar kashi 30 na ruwa mai ƙarfi, ya ishe ta ta kwashe yara su kwana gidan ƴar'uwarta, don abin da za ta rasa in ba a yi ba barci ne kawai. Manomin da irinsa na ƙarshe ke hannunsa, kashi 70 ma bai ishe shi ba, sai ya ji nawa za a yi. Ma'aikatan noma na yawan amfani da milimetir 20 cikin kwana uku a matsayin alamar ruwan shibka, sannan kada dogon fari ya biyo baya. Ita kuwa manhajata, ɗan yayyafi ma ruwa take kiransa. Ashe ko da kashi 70 ɗin ya tabbata, ba tambayar Baba yake amsawa ba. Amfanin hasashen gayya ke nan in an tantance shi: kowa ya ɗauki lambar ya auna da halinsa. In lambar ba ta da gaskiya, an ruɗi uwar da manomin gaba ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce. Na ɗaya, fallasa kurakuran meteyo zai sa jama'a su daina yarda da su. Ni na ga akasin haka. Yanzu ma ai ana yi musu dariya a majalisa duk ranar da hadari ya watse, kuma ba su da abin kare kansu, tunda mutum kuskure yake riƙewa ya manta da ranakun da aka dace. Rijista a fili ita ce lauyansu. Ma'aikatanmu na meteyo sun san ƙasar, suna haɗa abin da kwamfuta ta ce da hoton tauraro da gogewarsu. Ina kyautata zaton in aka gwada za su doke manhajar waya. To a gwada mu gani.

Na biyu, babu kuɗi. Sayen babbar kwamfuta na son kuɗi, gaskiya ne. Bin diddigi kuwa rijista yake so. Kuma kada mu manta, a Yamai cibiyar AGRHYMET take tun 1974, a Yamai cibiyar ACMAD ta Afirka gaba ɗaya take. Masu ilimin suna cikin gidanmu.

Na uku, ruwa na Allah ne. Ƙwarai kuwa, Baba ma da haka ya fara. Amma bai hana shi duban gabas da marece ba, bai hana kakanninmu lura da zuwan shamuwa, da kaɗewar ganyen gawo, da lissafin watan bakwai ba. Lura da alamu ba shiga gaibu ba ne. Kuma ni da so samu ne, waɗannan alamu na gargajiya ma a sa su cikin kaye ɗaya da na kwamfuta, a yi musu awo da tiya guda. Wanda ya ci, ya ci.

Don haka ga roƙona.

Ga hukumar meteyo ta ƙasa: a ƙarshen kowace damana, kamar yadda lakol ke ba ɗalibi buletin, ku fito mana da naku. Jiha-jiha, cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Sau nawa kuka yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi, sau nawa ya tabbata, sau nawa ya zo ba gargaɗi. Haka ma hasashen damana da ake fitarwa kowace shekara wajen Afrilu ko Mayu a taron PRESASS: cikin Nuwamba a dawo a gaya mana yadda ta kaya.

Ga ƴan'uwana ma'aikatan radiyo, da kaina na fara: mu daina haɗiye lamba. Mu faɗi abu huɗu kullum, wane yanki, daga yaushe zuwa yaushe, ruwa nawa, yiwuwa nawa. Mu faɗi kuma daga wa muka ɗauko. In na waya ne mu ce na waya ne. Kuma kashegari, kafin sabon hasashe, mu fara da na jiya: mun ce kaza, ga abin da ya faru.

Ga ku masu sauraro: ku zama shaidunmu. In akwai ma'aunin ruwa a meri ko wajen ma'aikacin noma na garinku, ku riƙa tambayar lambar. In babu, gwangwani ya isa, muddin gindinsa shimfiɗe yake kuma faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa. A kafa shi bisa gungume a fili, nesa da itace da indararo, inda awaki ba su kai. Kowace safiya a lokaci guda a sa ƴar rula a auna zurfin ruwan, a rubuta, a zubar. Milimetir guda a gwangwani daidai yake da litar ruwa guda a kan kowane metir murabba'i na gonarka. Ranar da ba a yi ba ma a rubuta sifili, don sifilin nan rabin shaida ne. Kuma sharaɗi mafi girma: a rubuta hasashen tun kafin gari ya waye, kada a jira a ga sama sannan a tuna abin da aka ce. Ɗan lakol guda a kowane ƙauye ya isa wannan aiki. Ƙauye 50 su yi damana biyu suna turo mana, za mu riƙe abin da ba wata manhaja da ke da shi.

Baba dai ya sake shibka da irin da ya ranto wajen ƙanensa. Ban sake jin muryarsa a layi ba, amma in wani ɗansa ko jikansa na karanta wannan, a gaya masa na sayi kaye. Shafin farko tambayarsa ce a rubuce. In Allah ya kai mu kaka, zan karanta abin da ke ciki a radiyo, da inda na dace da inda na kuskure.

Ku kuma ku faɗa mana a ƙasa: a garinku akwai ma'aunin ruwa? Wa ke karanta shi, kuma ina lambobin ke zuwa? Wanda rubutu ke ba wuya ya turo murya, za mu saurara.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya. Sai mun haɗu a shirin safe.